Idan Makirufo Ya Ɗauke Ana Tsakiyar Wasa: A Ina Muryar Take Maƙalewa?

Duk ƙarshen zangon karatu ɗakunan taro na makarantunmu kan cika da hidima. Wannan ƙungiya tana Makon Hausa, waccan tana bikin yaye ɗalibai, 'yan sashen wasan kwaikwayo kuma suna gabatar da wasan da za a ba su maki a kansa. A kusan duk waɗannan taruka akwai baƙon da ba a gayyata amma ba ya fashi, wato ɗaukewar makirufo marar waya. Ɗan wasa yana tsakiyar maganar da ya yi wata biyu yana haddacewa, sai a ga bakinsa yana motsi babu abin da ke fita, kamar an yi ruwa an ɗauke. Kafin murya ta dawo 'yan kujerun baya sun fara "Ba ma ji! Ba ma ji!", wasu kuma sun fashe da dariya a daidai wurin da marubucin wasan ya so a yi hawaye.

Mu da muke cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai mun san abin ba na dariya ba ne. Kuɗin hayar kayan sauti karo-karo ake yi daga aljihun ɗalibai, wani kuɗin abincinsa na kwana biyu ya bayar. Wasan kuma sau ɗaya ake yinsa, ba fim ba ne da za a ce a sake ɗauka. Idan ya lalace, wanda ke zaune gaban miksa shi ake rataya wa jakar tsaba, shi kuma ya ce laifin mai haya ne, mai haya ya ce, "Kayana lafiyarsu ƙalau, yaranku ne ba su iya riƙewa ba." A haka ake watsewa, baɗi kuma a maimaita. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Yawancin dalilan da ke sa makirufo ɗaukewa ɗalibi zai iya gano su da idonsa, kuma gyaran da yawa daga cikinsu ba ya cin ko kwabo.

Da farko dai a fahimci cewa makirufo marar waya ƙaramin gidan rediyo ne. Na riƙewa a hannu da ɗan akwatin da ake maƙalawa a ƙugu duk aikinsu ɗaya: su ɗauki murya su ɗora ta a kan igiyar rediyo su watsa. Risibar da ke kusa da miksa ita ce akwatin rediyon da ke kama tashar. Dabarar ta daɗe, domin tun a 1953 kamfanin Shure na Amurka ya fitar da wani mai suna Vagabond. Bambancin wannan tasha da gidan rediyon gaske shi ne ƙarfi. Yawancin irin waɗannan makirufo suna watsawa ne da miliwat 10 zuwa 50, wato ko kashi ɗaya cikin goma na wat guda bai kai ba, yayin da tashar talabijin ke watsawa da dubban wat. Kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin da ke isa eriya yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saƙo ne marar ƙarfi tun daga gida, shi ya sa ƙaramin abu ke tare shi.

Fitilu biyu da ba sa ƙarya

Kafin a taɓa komai, a dubi fuskar risiba. Mafi yawansu suna da ma'auni biyu, ɗaya an rubuta RF, ɗayan AF. Na farko yana nuna ƙarfin saƙon rediyo da ke isowa, na biyu yana nuna muryar da saƙon ya ɗauko. Idan murya ta yanke kuma RF ya faɗi, matsalar tana tsakanin ɗan wasa da eriya. Idan RF a cike yake amma AF ya daina motsi, to rediyon lafiya lau, a duba siririyar wayar makirufon da mahaɗarta, ko maɓallin kashe murya da gwiwar hannu ta danna. Idan kuwa duka biyun suna rawa amma lasifika ta yi shiru, makirufo ba shi da laifi, a koma kan miksa da wayoyinta.

Akwai kuma gwaji guda da ba ya ɗaukar minti ɗaya: a kashe makirufon a bar risiba a kunne. Ya kamata RF ya mutu gaba ɗaya. In ya ci gaba da haskawa, wani ne daban yake zaune a gurbin da kuke ciki.

Daga nan sai tambayoyin da muka saba yi wa juna a lokacin gwaji: a ina ya yanke, yaushe, kuma a jikin wa? Wanda ke yankewa kullum a wuri ɗaya a kan dandamali daban yake da wanda ke fara yankewa bayan awa guda, daban kuma da wanda ba ya yankewa sai ɗan wasa ya durƙusa gaida sarki.

Na bayan awa guda, batir ne, kuma shi ne mafi yawa. Batir mai araha irin na tocila da rediyo ba a yi shi don wannan aiki ba, yakan nuna a cike da farko sannan ya zube ba sallama. Araha ba ta ado. Alkalin mai kyau yakan kai awa shida zuwa takwas a yawancin akwatunan ƙugu. Mai caji ma yana yi, sai dai shi bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, don haka idan na'urar tana da wurin zaɓar irin batir a saita, in ba haka ba ma'aunin zai riƙa faɗin abin da ba shi ne ba. A manyan gidajen wasa ƙa'idar ita ce sabon batir a kowane wasa, ragowar a ƙarasa shi wajen gwaji. Wani lokacin ma batirin da ransa, ƙarfen da ke danne shi ne ya saki, sai ya riƙa motsi duk lokacin da aka yi tsalle. Ɗan guntun soso a cikin murfin ya isa.

Rufin kwano da jikin ɗan Adam

Wanda ke yankewa a wuri ɗaya ya fi ban mamaki, domin sau da yawa wurin ba shi da nisa da risiba ko kaɗan. Abin da ke faruwa ya yi kama da amsa-kuwwa. Igiyar rediyo ba hanya ɗaya take bi ba. Wata takan tafi kai tsaye zuwa eriya, wata ta bugi rufin kwano ko ƙofar ƙarfe ko rodin cikin bango ta dawo, ta iso a makare kaɗan. In aka yi rashin sa'a biyun suka haɗu ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, sai su kashe juna, eriya ta ji shiru. A megahaz 600 tsawon igiya guda santimita 50 ne kacal, saboda haka ramin shirun ba ya wuce faɗin faifai. Taku ɗaya gaba murya ta dawo. Ɗakunan taronmu kuwa, masu rufin kwano da tagogin ƙarfe da fankoki suna juyawa, kamar don wannan matsala aka gina su.

Maganin da masu ƙera kayan suka samo shi ne risiba mai eriya biyu, wadda ke sauraron duka biyun ta ɗauki wadda ta fi ƙarfi, don da wuya ramin shiru ya faɗa a kan biyun lokaci guda. Amma a nan akwai tarko a kasuwa. Risiba mai araha da ake sayarwa da makirufo biyu ita ma tana da eriya biyu, sai dai kowace eriya ta makirufo ɗaya ce, babu mai taimakon wata. Ta gaskiyar takan nuna alamar A da B suna musanyawa yayin da mutum ke tafiya. Wannan tambaya ce da ya kamata shugaban ƙungiya ya yi wa mai haya kafin ya miƙa kuɗi: "Oga, eriya biyun nan na makirufo ɗaya ne ko na biyu?"

Eriyoyin kuma a buɗe su kamar ƙahon sa, kowace ta karkata gefenta, kada a kwantar da su, kada a haɗe su wuri ɗaya, kada kuma a kulle su cikin akwatin ƙarfe ko a jingina su da bango.

Sai babban abin da ke ruɗa ɗalibai: a gwajin yamma komai lafiya, da dare da ɗaki ya cika sai rikici. Ba hassada ba ce. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye igiyar rediyo. Risibar da aka ajiye a kan benci a can bayan ɗaki tana hango dandamali sarai lokacin da kujeru suke fayau. Da mutum ɗari uku suka zauna, wasu suka miƙe suna ɗaukar hoto, an gina katangar ruwa tsakaninta da 'yan wasa. Shi ya sa muke ɗaga risiba sama da kan mutane, kamar mita biyu zuwa uku, inda eriya za ta ga ɗan wasa ido da ido. Abin da ya fi haka ma shi ne a kawo risibar gefen dandamali, a ja wayar sauti mai baki uku zuwa miksa. Irin wannan waya takan yi tafiyar mita hamsin ba ta rasa komai ba. Wayar eriya kuwa ba haka take ba, siririyar da aka fi samu takan cinye kusan rabin saƙon a cikin mita goma. Wayar dish da wasu ke ƙarawa kuma ba ma irinta ba ce, ita om 75 ce, ta makirufo 50. A dai bar tazarar kamar mita uku tsakanin risiba da ɗan wasa mafi kusa, don saƙon da ya yi yawa shi ma yana toshe mata kunne.

Babbar riga, rawani da gumi

Littattafan da ke zuwa da waɗannan na'urori ba su san da babbar riga ba. Mu kuwa wasanninmu cike suke da sarki da waziri da alƙali da uwargida, kowa da tufafi hawa-hawa. Ɗan wasa yakan karɓi akwatin ƙugu ya cusa a aljihun wando tare da makulli da waya, eriyar ta naɗe kamar igiyar guga. Wannan 'yar wutsiya an auna tsawonta daidai da gurbin da take aiki, wajen santimita 12 a megahaz 600, kuma sai ta miƙe take aiki sosai. In ta lanƙwashe, ko ta manne da fata mai gumi, rabin ƙarfinta ya tafi cikin jikin mai ɗauke da ita. Mukan ɗinka ɗan ɗamara mai aljihu, a ɗaura a kan singileti ba a kan fata ba, eriya a miƙe. Leshi ko gyale mai zaren ƙyalƙyali na ƙarfe shi ma a nisanta shi da ita.

Gumi abokin gaba ne na biyu. A watan Afrilu, ƙarƙashin fitilu, cikin riga uku, mai wasan sarki yakan jiƙe sharkaf kafin a kai fitowa ta biyu. Ɗigo ɗaya a bakin ƙaramin makirufon ya isa ya mayar da murya kamar daga cikin tulu, in ya shiga mahaɗar waya kuma sai ƙarar tas-tas. Sanya akwatin cikin safar hannu ta roba irin ta asibiti, bakin yana kallon ƙasa, yana taimakawa ƙwarai. A manyan gidajen wasa na Landan da Niyok a goshi ake ɓoye makirufon, a bakin gashi. A wurinmu gefen hula ko bakin ɗankwali yana yin wannan aiki, kuma ya fi a maƙala shi a ƙirji inda amawalin rawani ko mayafi zai riƙa gogarsa. Da hunturu kuma matsalar takan sauya kama: ƙura ta shiga mahaɗa, busasshiyar iska ta sa yadin roba ya riƙa tara wutar da ke ba da ƙara.

Ita kanta siririyar wayar takan karye daga ciki, galibi dab da mahaɗa, ba tare da an gani a waje ba. A sa abin sauraro a kunne, a bi ta da yatsa ana lanƙwasawa a hankali. Inda ta yi ƙara, nan ne.

Masu gabatarwa kuma, don Allah a daina riƙe makirufo ta gindi. A yawancinsu nan eriyar take, tafin hannu kuwa nama ne da ruwa.

Iskar ma tana da masu ita

Yanzu sai mu koma kan wancan RF da ya ƙi mutuwa bayan an kashe makirufo. Kamar yadda kowace tashar FM take da lambarta, haka kowane makirufo yake da gurbinsa, kuma ba shi kaɗai ne a unguwar ba. Mafi yawan na zamani suna aiki ne a zangon UHF, tsakanin megahaz 470 da 694, wanda asalinsa na gidajen talabijin ne. Makirufo ɗan raɓe ne a can. Kowace tashar talabijin tana cin megahaz 8. Ta da, mai tsohon tsari, takan bar 'yan wurare fayau a cikin rabonta, amma ta dijital tana cike shi dam. Nijeriya ta fara komawa tsarin dijital ne daga Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021. Ke nan gurbin da ya yi wa yayyenmu aiki shekarun baya ba lallai ne ya yi mana ba, kuma wanda ya yi a wani gari ba lallai ya yi a wani ba. Katsalandan ɗin talabijin na dijital ba ya zuwa da murya ko kiɗa da za a gane shi, sai dai a ga makirufon da ke kai mita hamsin ya koma ba ya wuce goma.

Masu sayen kayan gwanjo su lura da lambar da ke jikin na'urar. Amurka ta haramta amfani da makirufo a zangon megahaz 700 tun 2010, bayan ta ba kamfanonin waya da jami'an agaji wurin, a 2020 kuma ta ƙara da babban ɓangare na zangon 600. Kayan da suka zama haramtattu a can sukan faɗi warwas a kasuwar na-hannu. A nan gida ma kamfanonin waya suna amfani da zangon 700 da 800 wajen intanet na 4G. Duk makirufon da lambarsa ta haura 694, komai sunan kamfaninsa da kyan jikinsa, yana iya zama yana kokawa ne da dogon ƙarfen sabis da ke bayan makaranta, kuma an san wanda zai yi nasara.

Akwai kuma 'yan ƙanana masu aiki a gigahaz 2.4, irin waɗanda masu ɗaukar bidiyo ke so. Suna da daɗin sha'ani a ɗaki marar jama'a. Amma nan ne gidan Wi-Fi da Bluetooth, don haka da 'yan kallo suka kunna wayoyinsu suna raba wa juna intanet ana haska wasan a TikTok da Facebook, hanya ta cushe. Roƙon a kashe waya kafin a fara wasa ba don ladabi kawai ba ne.

Makirufonku ma suna iya faɗa da junansu ko da lambobinsu sun bambanta. Idan biyu suka kusanci juna, sukan haifi saƙon bogi a wasu gurabe. A ce ɗaya yana 600, ɗayan yana 601. Ninka 601 sau biyu ka cire 600, ka sami 602. Ninka 600 ka cire 601, ka sami 599. Duk wanda ya ajiye makirufo na uku a 602 don lissafi ya yi kyau, ya ajiye shi a bakin rami, kuma ba zai gane ba sai a fitowar da miji da mata suka matso kusa suna faɗa. Saboda haka ne masu ƙera kayan suke jera gurabe rukuni-rukuni, waɗanda aka riga aka lissafa ba za su ci karo ba. A zaɓi rukuni ɗaya a zauna cikinsa. In risibar tana bincike da kanta, a kashe duk makirufo, a nemo wa na farko gurbi, a bar shi a kunne, sannan a nemo wa na biyu, a haka har a gama. A bayan fage kuma kada a tara su a kunne a kan tebur ɗaya. Kowanne a sa shi cikin nasa kwanon ƙarfen, ko langa ce, ta wadatar.

Masu araha da ba a iya sauya musu gurbi suna da nasu abin kunyar. Dubbai ne a gari masu lamba iri ɗaya, don haka in ana biki ko wa'azi a maƙwabta, muryar mai sanarwarsu tana iya faɗowa cikin lasifikarku. Ta fi samun ƙofa lokacin da ɗan wasa ya kashe akwatinsa ya bar gurbin ba kowa. Shi ya sa muke cewa kada ɗan wasa ya taɓa maɓalli, har salatif muke liƙawa a kai. Mai miksa ne ke buɗe murya ya rufe, yana bin rubutun wasan layi-layi. Wannan kuma yana hana jama'a jin abin da ake faɗa a bayan labule, wanda ba kullum yake da daɗin ji ba.

A bayan wasu risibobi akwai ɗan abin murɗawa da aka rubuta SQL. Mai gadin ƙofa ne, yana rufe sauti idan saƙo ya yi rauni don kada a ji shuuu. In aka murɗa shi da yawa yakan kori har muryar gaskiya da zarar ɗan wasa ya ɗan yi nisa. Masu haya sukan ƙure shi don gudun ƙara a wurin biki, su manta su mayar.

Batun wuta ba sai an faɗa ba. Lokacin da aka ɗauke ta aka tayar da janareta, risiba takan mutu ta ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ta farfaɗo. Ba ta cin wuta sosai, ƙaramar na'urar ajiyar wuta irin ta kwamfuta za ta riƙe ta. A kuma nisanta ta da cajar kwamfuta da fitilun ado masu araha da babban allon bidiyo, dukkansu suna fitar da hayaniyar da kunne ba ya ji amma eriya tana ji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa biyu kafin a buɗe ƙofa mukan sa wa kowa makirufonsa cikin cikakkun tufafin wasa, fitilu da fankoki a kunne, ya zagaya dandamali kusurwa-kusurwa yana magana, ya juya baya, ya durƙusa, ya zauna, wani kuma yana kallon RF. Inda ya faɗi a matsar da eriya taku ɗaya a sake gwadawa. In ya ƙi, a yi alama da alli a gaya wa darakta, ya ɗan gusar da mai dogon jawabi daga wurin.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko wasan yana buƙatar makirufo takwas tun farko. 'Yan kama da 'yan tashe sun cika dandali da murya tsura. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda aka gina da ƙasa a fasalin gidan Bahaushe a shekarun 1970, an tsara shi ne yadda 'yan kallo za su zauna dab da 'yan wasa. A ra'ayinmu makirufo huɗu masu kyau da ake musanyawa tsakanin fitowa sun fi takwas masu arahar da ke faɗa da juna, musamman idan sauran 'yan wasa sun koyi ɗaga murya daga ciki. Mukan kuma ajiye makirufo mai waya guda biyu a bakin dandamali, ɗaya dama ɗaya hagu, a kunne amma a rufe a miksa. Kowane ɗan wasa an gaya masa tun a gwaji: in ya ji muryarsa ta ɓace daga lasifika, kada ya tsaya, kada ya bubbuga makirufon, kada ya waiwayi mai miksa. Ya ɗaga murya, ya taka zuwa wanda ya fi kusa da shi, ya ci gaba da layinsa.